Yadda ake sake haɗa ƙananan gidajen roba na jirgin ƙasan tebur idan sun ɓalle

Da wuya ƙaramin gidan roba ya fito daga kayan gwanjon Turai lafiyayye. Ko tashar jirgi ce, ko shagon ajiyar kaya, ko ɗakin mai ba jirgi hannu, irin waɗanda kamfanonin Jamus kamar Faller da Kibri da Vollmer da Auhagen suke yi, ko na Jouef daga Faransa. Wani ya haɗa shi shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, ya sha zama a kwali, ya ƙetare teku zuwa Duwala, ya hau jirgin ƙasa ko babbar mota zuwa Ngaundere, daga nan ya sauka ta Falez, gangaren dutsen da ke arewa da garin, ya nufi Garwa ko Marwa, wani ma sai ya kai Kusiri ya haye Injamena. Kafin ya iso hannunka bango ɗaya ya buɗe baki, rufi ya zame, tagogi suna ƙwaram-ƙwaram a ciki in ka girgiza. A nan arewacin Kamaru ba mu da shagon da za ka shiga ka sayi sabo, saboda haka wanda ya faɗo hannunka ya cancanci gyara na gaske.

Abin da aka fi yi shi ne a sayi sufa gulu, a tsiyaya a tsagar, a matse da hannu. Ba a daɗewa sai wurin ya sake buɗewa, an kuma ƙara masa farin tabo a bango da hazo a taga. Matsalar rashin sanin yadda robar nan take kama 'yar'uwarta ce.

Robar da ake yin gidajen nan da ita sunanta folistirin. Da ita ake yin gidan faifan CD da kofunan yogot da yawa, kuma in ka juya gindin irin waɗannan kofuna za ka ga lamba 6 a cikin alwatika, wani lokaci da haruffan PS. Gam ɗin da aka yi dominta ba manna abu yake ba. Narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, ta nan da ta can, su cakuɗe, sannan ruwan ya bushe ya bar su sun zama abu guda, kamar yadda mai walda ke haɗa ƙarfe biyu. To in akwai fenti, ko tsohon gam, ko maiƙon hannu, ko ƙurar hunturu a tsakanin fuskokin biyu, ruwan ba zai kai ga roba ba, kuma ko kwalba guda ka juye ba zai kama ba. Shi ya sa mafi yawan lokacinka a wannan aiki wajen kankara da gwadawa zai tafi. Sa gam ɗin kansa bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba.

Galibin gidajen da ke iso mana na ma'aunin HO ne, wato 1:87. Ƙofa mai tsawon mita 2 takan koma milimita 23. Idan ka bar tsagar milimita 1 a kusurwa, daidai take da rami mai faɗin kusan santimita 9 a ginin gaske, a ma'aunin N kuwa, wato 1:160, santimita 16 ke nan. Ido yana kama ta tun daga bakin ƙofa.  

Kayan da za ka tanada

Na farko gam mai narkarwa. Akwai mai ɗan kauri da ke zuwa a kwalba mai dogon bakin allura, kamar Revell Contacta da Faller Expert, akwai kuma mai ruwa-ruwa sosai da ake ɗiba da ɗan buroshi, kamar Tamiya Extra Thin. A wajen gyara na fi son mai ruwa-ruwan, domin za ka riƙe sassan a inda kake so tukuna, sannan ka taɓa tsagar da buroshi ruwan ya bi ta da kansa. Samunsa sai an yi saƙo ta hannun matafiyi ko masu odar kaya a intanet. Ka gaya wa ɗan saƙon kada ya sa shi a jakar jirgin sama, domin yana kama wuta kuma ba a yarda da shi.

In ka shiga shagon kayan gini ka ce, "Alhaji, a ba ni gam na roba," abu biyu zai miƙo maka: sufa gulu ko gam ɗin bututun ruwa. Karɓi na farkon, yana da nasa amfani a gaba. Na bututun kuwa ka ce, "A'a Alhaji, wannan ya fi ƙarfin aikina." An yi shi ne domin bututun PVC mai kauri, in ya hau siririn bango sai ya cinye shi ya bar dunƙule. Ka tambayi masu sayar da fenti da sinadarai ko suna da ruwan MEK, wani sinadari mai narkar da roba, domin shi kaɗai ya isa ya haɗa folistirin sosai. Asiton tsantsa, sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, shi ma yana narkar da ita, sai dai saurin bushewarsa ya yi yawa, a zafin watan Maris na Garwa kafin buroshi ya kai wurin ya tafi. Wanda mata ke goge jan farce da shi an zuba masa mai da turare, ka bar shi. Haka nan gam ɗin da ake yi ta hanyar narka farin soson cikin kwalin talabijin a fetur: yana toshe yoyon kwano, amma a jikin gidan roba ci gaba yake da cin bango kwana da kwanaki.

Sauran kayan duk suna kasuwa: farin gam na kafinta, sabuwar reza ko wuƙar yankan kwali, sanfefa mai lamba 400 da 600 da 1000, hantsaki, tsinken sakace, tsohon buroshin haƙori, robar ɗaure kuɗi, maƙalan shanya, salatif na takarda, ƙaramar sukwayar ƙarfe, alkol na farmasi, da guntun gilashi ko tayil mai santsi da za ka yi aiki a kai, domin teburin katako da wuya ya miƙe sarai.

Ka yi aikin a inda iska ke shiga, nesa da murhu, da gas, da sigari, da maganin sauro na kunnawa. Tururin ruwan gam yana sa ciwon kai kuma yana kama wuta. Sufa gulu in ya zuba a auduga zafi yake yi har ya ƙona fata, saboda haka kada ka goge shi da gefen riga. In ya manne maka yatsu kada ka fizga, jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu ka riƙa murzawa a hankali. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Yara su kalla daga nesa.

Wanka, dubawa da rabawa

Kafin komai ɗauki hoton gidan da waya ta kowane gefe, har da ciki. Juye duk abin da ya faɗa ciki a kofi mai murfi. Cire duk wata takarda: labulen taga, allon sunan tasha, da baƙar takardar da ake sawa a ciki don kada haske ya ratsa bango. Cire ƙwan fitila in akwai. Sannan ka wanke gidan a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka bi kusurwoyi da buroshin haƙori, ka ɗauraye, ka bar shi a inuwa ya kwana. Kada ka shanya shi a rana ko na ɗan lokaci ne.

Da safe gwada robar. Ɗiga ɗan ruwan gam a cikin bango inda ba a gani, ka jira kaɗan, ka taɓa da tsinke. In wurin ya yi laushi yana danƙo, folistirin ce. In bai motsa ba, wata roba ce ko kuma rezin, irin robar da ake zubawa tana ruwa ta daskare, kuma sufa gulu ko gam mai haɗi biyu irin Araldite ne zai yi maka aiki. Wasu sababbin gidaje ma da kwali ko siririn katako ake yanka su, waɗannan farin gam ne nasu, kuma ba a sa su a ruwa.

Yanzu dubi tsohon gam ɗin, domin kowane iri da hanyar cire shi. Wanda ya yi ruwan ƙasa-ƙasa yana ɓarewa kamar ɓawo tsohon gam ne na masu haɗa irin waɗannan gidaje, wanda ake matsowa kamar man goge baki, reza na ɗauke shi. Wanda ya yi fari da tauri yana ƙyalli sufa gulu ne. Wanda yake miƙewa in ka ja gam ɗin masu gyaran takalmi ne, sai a murza shi da yatsa ko a naɗe shi a tsinke. Farin gam na kafinta ruwan ɗumi ke jiƙa shi ya saki. Gam na kyandir da ake narkawa da bindiga kuwa, ɗiga masa alkol a gefe sai ya ɓalle da kansa.

Ra'ayina shi ne, duk mahaɗar da ta buɗe rabi a ƙarasa buɗe ta. Ba za ka iya kankare fuskar da reza ba ta kai gare ta ba. Amma wadda ta kama da kyau, ta miƙe, ba ta motsi, a bar ta, ba dole sai an wargaza gidan duka ba.

Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce sanyi. Sa gidan a leda ka ɗaure, ka ajiye a firiza na 'yan sa'o'i. In babu a gida ko wuta ba ta zama, roƙi mai sayar da ƙanƙara ya ba ka gefe. Sanyi yana sa sufa gulu da tsohon gam su yi gautsi. Da ka fito da shi, riƙe bangon biyu kusa da kusurwar, ka ɗan motsa su a hankali kamar za ka buɗe, za ka ji ƙas-ƙas. Ka tuna ita ma robar ta yi gautsi a wannan lokaci, saboda haka kada ka riƙe ta nesa da mahaɗar, kada kuma ka yi ƙarfi. In ta ƙi, wurin ya narke ya haɗe ne da gaske. Sai ka bi layin ta ciki da bakin reza, ja bayan ja, ba tare da dannawa ba, har ya rabu. Ta ciki, domin duk ƙarzar da reza ta yi ta ɓuya.

Kankara

Nan ne aikin yake. Wani yaron unguwarmu ya kawo mini tashar jirgi mai jan bulo ya ce, "Baba, na sa mata gam har na gaji, ta ƙi kamawa." Na ce ya haska mini fitilar waya a bakin bangon. Ga hawa-hawa nan a fili: a ƙasa tsohon gam mai ruwan zuma, a kansa fentin da ya malalo, a kansa farin sufa gulu mai kauri da ƙurar da ta maƙale. Ko'ina ba a ganin robar. Na ba shi reza na ce, "Yaro, kankare har sai ka ga launin da ke cikin bangon ya fito a bakin."

Ga yadda ake yi. Kwantar da bangon a kan gilashi. Riƙe rezar a tsaye, bakinta yana fuskantar robar kai tsaye, ka riƙa jan ta gefe kamar mai kankare ƙasan tukunya, ba kamar mai yanka ba. In ka kwantar da ita za ta nutse ta ɗebo nama. Abin da ke fita ya zama gari-gari ko siririn zare. Da ka ga zaren ya koma launin robar, tsaya, ka kai.

Lura da siffar bakin. A yawancin gidajen nan an fere bakin kowane bango a karkace, digiri 45, don biyu su haɗu su ba da kusurwa mai 90 ba tare da an ga kaurin bango ba, kuma layin bulo ya zagaya daidai. Wannan karkacewar ita ce abin da za ka kare. Gefen waje, siririn nan mai kaifi, kada reza ta taɓa shi ko kaɗan, domin shi ido ke gani. In za ka yi kuskure, yi shi ta gefen ciki, can ana iya cikewa. Wasu gidajen kuma suna da 'yan haƙora da ramuka ko ɗan tudu da ke nuna inda bango zai zauna. Sakace ramukan da allura har tsohon gam ya fita, in ba haka ba bangon zai zauna a sama da inda ya kamata, rufi kuma ya ƙi hawa.

Bayan reza sai sanfefa. Kada ka riƙe ta a hannu kana goga, gefen zai yi kumburi a tsakiya ya lotsa a ƙarshe. Manna takardar mai lamba 400 a kan gilashi da salatif, ka riƙe bangon a daidai karkacewarsa, ka ja shi a kai sau biyu ko uku ta fuska ɗaya. Duba, sannan ka ƙara in da bukata. Goge da alkol, daga nan kuma kada yatsa ya sake taɓa wurin.

Sai gwaji babu gam. Haɗa bangon biyu a kan gilashi, ka ɗaga su wajen haske. In haske yana ratsowa, nemo abin da ya tokare ka cire. Jera bangon huɗu duka a kan farantin gindinsu, ka zagaye da robar ɗaure kuɗi, ka ɗora rufi. Gidan ya tsaya daidai babu gam, sannan ne ya isa a sa masa gam. In sai ka matse da ƙarfi kafin ya rufe, zai sake buɗewa ranar da zafi ya tashi.

Sau da yawa abin da ke hana shi rufewa shi ne bangon ya lanƙwashe, musamman wanda ya kwana a mota ko ƙarƙashin kwano. Maganinsa ruwan zafi. Haɗa rabi tafasasshe da rabi na randa, wannan zai ba ka wajen digiri 60 zuwa 65. Cire tagogi, tsoma bangon kamar minti ɗaya, fito da shi ka kwantar tsakanin tayil biyu, ka ɗora nauyi har ya huce. In bai miƙe ba ƙara ruwan zafi kaɗan ka maimaita. Tafasasshe tsantsa yana iya murɗe shi ya ƙanƙance, wuta ko kyandir kuwa ba a ma kusantar da su.

Haɗawa

Fara da bango biyu kawai. Tsayar da su a kan gilashi, ka sa sukwaya ta ciki ko ta waje, ka riƙe kusurwar da guntun salatif na takarda a sama da ƙasa. Ka kula kada salatif ko robar ɗaurin ko yatsanka su zauna a inda ruwan zai bi, domin zai shiga ƙarƙashinsu ya zana shatinsu a bango, kuma shatin yatsa a kan bulo ba ya gyaruwa.

Tsoma buroshi, share shi a bakin kwalba, ka taɓa kusurwar ta ciki a sama. Za ka ga ruwan ya ruga ƙasa cikin tsagar. Taɓa a tsakiya, taɓa a ƙasa, rufe kwalba nan take. Jira kamar daƙiƙa 10 robar ta yi laushi, sannan ka matsa a hankali ka riƙe rabin minti. In ɗan siririn layin narkakkiyar roba ya bulbulo ta waje, alama ce mai kyau, kada ka goge shi yanzu. Bar shi ya bushe gobe ka kankare. In kana amfani da mai bakin allura, ja siririn layi a fuska ɗaya, ka haɗa, ka riƙe. In allurar ta toshe, zura mata siririyar waya.

Yawan gam shi ne babban mai ɓata aiki. Ruwan da ya taru a lungu yana ci gaba da narkar da roba, bayan kwana biyu sai ka ga bango ya lotsa ta waje.

Yi wa sauran bangon biyu haka, ka sami kusurwa biyu, ka bar su sa'a ɗaya ko biyu, sannan ka haɗa su wuri guda a kan farantin gindi. Kafin su ƙarasa bushewa ɗora rufi babu gam ka tabbatar ya zauna. Bar gidan ya kwana ya wuni, awa 24, kafin ka kai masa sanfefa ko fenti.

Tsohuwar mahaɗa ba ta kai sabuwa ƙarfi, don haka ina ƙara mata ƙashi ta ciki. Abin da ya fi dacewa shi ne reshen robar da sassan suke zuwa maƙale a jikinsa, in an samu a kwalin. In babu, yanki siririn tsinke daga gidan CD ko kofin yogot mai lamba 6. Tsawonsa ya gaza na bangon kaɗan, don kada ya tokare rufi ko gindi, kada kuma ya leƙo ta taga. Kwantar da shi a lungun kusurwar ka taɓa masa ruwan gam ta gefe biyu. Bangon da ya tsage a tsakiya ma haka: daidaita tsagar a kan gilashi fuskar waje tana ƙasa, bi ta da ruwa kaɗan ƙwarai, ka ɗora faci ta baya.

Ginshiƙin rumfar tasha ko bututun hayaƙi da ya karye, fuskarsa ta yi ƙanƙanta gam kaɗai ya riƙe. Huda kowane gefe da bakin allura ko ɗan mahuji mai milimita 0.5 kana murzawa da yatsu, zura guntuwar wayar tagulla, ka ɗiga sufa gulu da tsinke. Masu gyaran waya suna da hantsaki da ƙananan kayan da suka dace da wannan, kuma ba sa hana aro in ka zauna kusa da su. A lokacin hunturu za ka ga sufa gulu yana jinkirin kamawa, domin damshin iska ne ke busar da shi. Ka ƙara haƙuri, kada ka ƙara gam.

Tagogi ba a sa musu sufa gulu ko kaɗan: tururinsa ne ke barin farin hazon nan. Mai narkarwa ma in ya taɓa gilashin robar ya ɓata shi ke nan. Ɗiga farin gam na kafinta a kusurwoyi huɗu da tsinken sakace, in ya bushe ba a ganinsa, in ya wuce wuri kuma ruwa na goge shi. Hazon da bai yi zurfi ba yana raguwa in an murza da man goge baki a tsumma mai laushi. Wanda ya lalace sarai, yanko madadinsa daga robar nan da ake gani ta cikinta, wadda ake rufe kayan lantarki da ita.

Rufi kuwa haɗa ɓangarorinsa biyu a ƙoƙuwa da mai narkarwa, kana ɗora su a kan gidan don su ɗauki karkacewar da ta dace, ka sa musu ƙashi ta ƙasa. Amma wajen zaunar da shi a kan bango ni ɗigo huɗu na farin gam nake sawa, domin wata rana taga za ta faɗa ciki ko fitila ta mutu, sai a ɗaga rufin ba tare da an fasa komai ba. In tsohon ƙwan fitila ne a ciki canza shi da LED, domin zafin ƙwan ne ke lanƙwasa rufi da yawa. Indararo da bututun ruwan sama da allon suna su ne na ƙarshe.

Cike tsaga, fenti da ajiya

In an bar ɗan gibi, akwai hanya biyu. Ta farko, yayyanka ragowar reshen roba ƙanana a ƙaramar kwalbar gilashi, zuba ruwan gam ya rufe su, ka rufe ka bari ya kwana. Zai zama kunu mai kauri. Shafa shi siriri da tsinke, ka ba shi kwana biyu, domin yana ƙanƙancewa in yana bushewa, kuma mai kauri yana lotsa bango. Ta biyu, barbaɗa bikarbonat, wato bakin soda, a tsagar ka ɗiga sufa gulu, nan take ya daskare. Wannan ka goge shi da wuri, cikin sa'ar farko, domin daga baya ya fi robar tauri, sanfefa sai ta cinye bangon ta bar shi a tsaye. Bi da 600 sannan 1000, ka sake zana layin bulo da bakin allura a inda ya shafe.

Fentin ruwa na akirilik shi ne mafi aminci. Gwada launin a ciki tukuna, ka bari ya bushe, don launinsa yana ɗan canzawa. Fentin feshi na mota da tina suna yamutsa fuskar folistirin. In sabon wurin ya fi sauran haske, tsarma ɗan fenti mai ruwan ƙasa da ruwa sosai ka bi kusurwar duka da shi ka goge, sai ya saje da tsufan gidan.

A Ngaundere, da take kan tudu, zafi bai cika damun robar ba. A Garwa da Marwa da Injamena kuwa, inda bazara ke haura digiri 40 a inuwa, kada a ajiye gidajen a ɗakin kwano marar silin, ko a bakin taga, ko cikin mota. Rana tana sa robar ta yi rawaya ta yi gautsi. A rufe su da kwali ko akwatin gilashi saboda ƙura, a riƙa share su da buroshi mai laushi irin na kwalliya, ba da tsumma ba. In za a yi tafiya da su, a cire rufi a naɗe shi daban, a cusa takarda mai laushi a cikin gidan, kowane gida da kwalinsa, a kuma riƙe kwalin a cinya maimakon a miƙa shi a ɗaure a saman mota.